Amsa ga Alhaji kan shata mazaɓu a jihar Wisconsin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka, inda ka ce ta yaya a Amurka jam'iyya za ta gaza a yawan ƙuri'u amma ta ci gaba da riƙe majalisar dokokin jiha. Abin da na fahimci kana son ji shi ne ko su ma suna maguɗi. Suna yi, sai dai nasu a kan taswira ake gama shi, tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

A yawancin jihohinsu majalisar dokoki ce ke shata iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara 10, wato dai an bai wa kura ajiyar nama. A zaɓen 2010 jam'iyyar Republican ta lashe kujerar gwamnan Wisconsin da zaurukan majalisa biyu, sai a 2011 aka zana sabuwar taswira a ofishin wasu lauyoyi a Madison, babban birnin jihar, har aka sa 'yan majalisar jam'iyyar suka sa hannu cewa ba za su fallasa abin da suka gani ba. Dabarar guda biyu ce: a cusa magoya bayan abokan hamayya cikin mazaɓu kaɗan inda za su ci da rarar da ba ta da amfani, sauran kuma a yayyanka su a raba wa maƙwabta. Garin Sheboygan, wanda ya karkata ga Democrat, haka aka tsaga shi gida biyu, aka liƙa kowane ɓari da ƙauyukan da ke zaɓen Republican.

Da aka zo 2018, Tony Evers na Democrat ya kayar da Gwamna Scott Walker, 'yan takarar Democrat na ƙaramin zauren majalisa suka tara fiye da rabin ƙuri'u, amma kujera 36 suka samu cikin 99, Republican ta kwashe 63. Bari in gyara maganata kafin wani ya kama ni: akwai mazaɓu da dama da Republican ba ta tsayar da kowa ba, wanda ya kumbura ƙuri'un Democrat, kuma magoya bayanta dama sun taru ne a biranen Milwaukee da Madison. Duk da haka wannan bai isa ya haifar da tazarar kujera 27 ba.

Ban manta ba, a lokacin da na kawo wannan lissafi a nan, wani ɗan'uwa ya ce ni ɗan koren Democrat ne, wai Bature ba ya coge, har ya yi wata guda ba ya amsa sallamata. To, ina fata yana saurare. Ni ban taɓa wanke Democrat ba, domin abin da suka yi da taswirar kujerun majalisar tarayya a Illinois da Maryland shi ne dai wannan aikin, kuma na faɗa tun a ranar, shi ne bai ji ba.

Kotun Ƙolin Amurka ma a 2019, da rinjayen alƙalai 5 da 4, ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga irin wannan rigima. Abin da ya karya taswirar Wisconsin zaɓen alƙali ne: a Afrilun 2023 Janet Protasiewicz ta ci kujera a kotun ƙolin jihar, rinjayen alƙalan kotun ya juya zuwa ɓangaren da Democrat ke mara wa baya, a Disamba kotun ta soke taswirar saboda wasu mazaɓu suna da guntaye a warwatse da ba su haɗe da juna ba. A zaɓen 2024, da sabuwar taswira, Republican ta sake riƙe ƙaramin zauren, amma da 54 da 45, kuma ɗan Democrat ne ya ci Sheboygan da aka mayar wuri guda.

Mu a Najeriya tsarin mulki hukumar zaɓe ya ɗora wa wannan aiki, amma rabon da a sake shata mazaɓun ƙasa baki ɗaya tun 1996. Na so in shiga batun sake shata mazaɓun jihar Texas na 2025, Alhaji, sai dai saƙon ya yi tsawo, sai ka tuna mini da shi gobe.