Amsa: Zuma ga yaro mai tarin dare

'Yar'uwa, kina tambaya ko za ki iya ba ɗanki mai shekara 3 zuma saboda tarin da ke hana shi barci. Ƙwarai, ki ba shi. Ƙaramin cokali ɗaya kafin ya kwanta, zallarta ko a dama a ruwan ɗumi. Haka nake wa nawa da hunturu, tana kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro.

Amma jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko lasa masa kada a yi, ko da kaka ta nace. Zuma kan ɗauko ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, jiki ya saki, ya kasa kama nono. In kuma tarin ya haɗo da zazzaɓi ko numfashi sama-sama, asibiti za ki nufa.