Yawon buɗe ido a Penang: a ɗauki jagora ko a zaga da kai?

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Kuala Lumpur. Iyayena za su zo bikin yaye mu, ina so in kai su tsibirin Penang, a nan Malesiya, na kwana biyu. Na ga kamfanoni na tallar zagayen rabin yini da ya haɗa haikalin 'yan Buda da tsohon gari. In biya, ko mu je da kanmu?

Amsa: Malam, raba tafiyar gida biyu, domin wuraren ba iri ɗaya ba ne. Tsohon garin George Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, da ƙafa ake zaga shi, kuma a nan ne kuɗin jagora ke da amfani. A titi ɗaya, Jalan Masjid Kapitan Keling, akwai cocin St. George na 1818, da haikalin Kuan Yin na 'yan Sin, da haikalin Hindu na Sri Mahamariamman na 1833, da masallacin Kapitan Keling da Musulmin Indiya suka kafa a farkon shekarun 1800. Wanda ba shi da mai yi masa bayani gine-gine kawai zai gani ya wuce. Ka ce wa jagoran lallai ya ƙarasa da ku masallacin Lebuh Aceh na 1808. A zamanin jirgin ruwa, a unguwar nan maniyyatan yankin ke taruwa kafin su kama hanyar Jidda, kuma ba na shakka Baba zai fi jin daɗin wannan tsayawar fiye da duk sauran.

Kek Lok Si kuwa, wato babban haikalin 'yan Buda, yana Air Itam, a wajen gari, a jikin tudu. Ku kira motar haya ta manhajar Grab, ko ku hau bas ɗin Rapid Penang mai lamba 203 daga tashar Komtar da ke George Town. Ba sai da jagora ba.

Kafin ka biya kowane kamfani, ka tambayi abu uku a rubuce: minti nawa za a tsaya a kowane wuri, ko kuɗin shiga na cikin farashin, da kuma shaguna nawa za a biya. A na ƙarshen ake cutuwa. Zagaye mai araha yakan cinye lokaci a shagon cakulan ko na atamfar batik inda direba ke da kamasho, sai a ba ku rabin awa a wurin da kuka zo dominsa. Ka nemi ganin katin lasisin jagoran, wanda ma'aikatar yawon buɗe ido ta Malesiya ke bayarwa. Tunda da dattawa za ka, motar ku kaɗai ta fi ta haɗaka.

Tambaya: Ni Musulma ce. Idan na shiga haikalin, za a sa ni rusunawa ko kunna turare?

Amsa: Hajiya, babu mai sa ki. Masu ibada ne ke sayen tsinken turare da fitila da kyallen rubuta buƙata, baƙo kuma kallo ne nasa. Idan aka miƙo miki, ki ce kin gode, ki wuce. Hukuncin shiga kuwa na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da shi tun kafin tafiya. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tsaya a farfajiya, daga nan ma ana ganin hasumiyar Kek Lok Si mai hawa 7 da aka kammala a 1930, wadda gindinta ginin Sin ne, tsakiyarta na Tailan, ƙolinta na Bama.

In kin shiga, ki cire takalmi a ƙofar ɗakin ibada, don haka ki sa silifa mai sauƙin cirewa. Hijabi da doguwar riga sun wadatar, tunda abin da ake nema a rufe kafaɗa da gwiwa. Kada ki zauna ki miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buda, cin fuska ne a wurinsu. A haikalin Tailan na Wat Chayamangkalaram, inda mutum-mutumin Buda mai tsawon mita 33 ke kishingiɗe, mace ba ta taɓa limamansu masu rigar ruwan lemo, ko miƙa musu abu hannu da hannu. A bayan mutum-mutumin akwai ƙananan tagogi jere da tuluna masu ɗauke da tokar mamata, wasu da hoton mamacin a jiki. Wurin makoki ne, ki rage murya, ki ajiye waya.

Kek Lok Si matakala ne da yawa. Akwai lif mai hawa a karkace zuwa wurin mutum-mutumin tagulla mai kimanin mita 30, ana biyan 'yan ringgit kaɗan, wato kuɗin Malesiya, a riƙe canji a hannu. Mai ciwon gwiwa ya sa direba ya sauke shi a sama, ya gangaro. A je da farar safiya kafin rana ta buɗe.

Tambaya: Jagora zai kai mu cin abincin titi. Yaya zan gane halal?

Amsa: Ka nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya, ko ka tabbata mai shagon Musulmi ne. Allon da aka rubuta cewa babu naman alade ba shaidar yanka ba ne. Taliyar char kway teow da ake yabo, a rumfunan 'yan Sin sau da yawa da kitsen alade ake soya ta. Mafi sauƙi shi ne nasi kandar na Musulmin Indiya, shinkafa da miya kala-kala da kaza ko kifi, kuma shagunansa na nan kusa da masallacin Kapitan Keling. Ka gaya wa kamfanin tun ranar biyan kuɗi. Idan zagayen ya faɗo ranar Juma'a, ka ce a tsara shi yadda za ku kasance kusa da masallacin kafin ƙarfe 1 na rana.