Tambayoyin Masu Karatu: In Zagaya Ƙananan Garuruwa Ni Kaɗai A Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu hutun kwana bakwai daga wurin aiki, kuma na daɗe ina marmarin in ɗauki motata ni kaɗai in zagaya ƙananan garuruwan da kullum nake wucewa ta gefensu a kan babbar hanya ba tare da na taɓa tsayawa ba. Na rubuta sunayen garuruwa 12. Yayata ta ce tafiyar mutum ɗaya ganganci ce. Shin in fasa ne, ko akwai yadda zan shirya?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fasa, amma ka rage jerin nan naka zuwa garuruwa huɗu ko biyar. Wanda ya raba kwana bakwai ga garuruwa 12 zai ƙare hutunsa riƙe da sitiyari, ya dawo gida bai san komai game da su ba sai allunan da ke ɗauke da sunayensu. Ƙaramin gari ba ya bayyana kansa ga mai wucewa. Sai ka ajiye mota, ka taka da ƙafa, ka ga yadda gari yake wayewa da yadda yake yin shiru da dare, shi ya sa nake ganin gara ka kwana biyu a wurin da ya kwanta maka a rai.

Damuwar yayarka tana da tushe, kuma babban abin tsoro ga mai tuƙi shi kaɗai shi ne gyangyaɗi, domin babu na gefe da zai lura idonsa ya fara lumshewa, babu kuma wanda zai karɓe shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato idan barci ya fizge ka na daƙiƙa huɗu kacal, ka wuce tsawon filin ƙwallo ba tare da kowa yana sarrafa motar ba. Barci ya fi kama direba tsakanin tsakar dare da asuba, sai kuma bayan azahar idan an ci abinci. Saboda haka ka tsaya ka miƙe ƙafa na minti 15 bayan kowace awa biyu, kuma idan hamma ta yawaita, ka nemi wuri mai aminci ka runtsa na minti 20, domin sauke gilashi ko ƙara sautin rediyo ba ya korar barci. Ka kuma tsara tafiyarka ta yadda za ka isa masauki kafin rana ta faɗi, kasancewar ƙananan hanyoyi galibi ba su da fitilu, ramuka da dabbobi kuma ba sa sanarwa.

Mako guda kafin tashi ka kai motar wurin bakanike ya duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir da fitilu. Taya kuwa ka duba da kanka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya, wadda yawancin direbobi ba sa tunawa da ita sai ranar da suka same ta a sace. Idan inji ya yi zafi a hanya, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Mai kuma, ka riƙa cika tanki da zarar ya kai rabi.

Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida, domin GPS yana aiki ko babu sabis, amma taswirar ba za ta buɗe ba idan ba a ajiye ta ba. Duk da haka, baƙo makaho ne ko da yana da ido: mutanen gari sun fi waya sanin gadar da ta karye da hanyar da ba a bi bayan magariba, don haka ka gaishe su ka tambaya, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko gidansa.

Ita kuwa yayarka, ka ba ta jerin garuruwan da ranakun, da lambar motarka, ku ajiye lokacin da za ka kira ta kowace yamma, ku kuma yi shawara tun yanzu a kan wanda za ta tuntuɓa idan lokacin ya wuce ba ta ji daga gare ka ba.