Shin Santsi jam'iyya ce mai zaman kanta?

Ɗan'uwa, ka ce kakanka ya gaya maka shi ɗan Santsi ne, kana tambaya ko an taɓa yin jam'iyya mai wannan suna. Kakanka bai yi kuskure ba, amma Santsi ɓangare ne a cikin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ba ta taɓa samun rajista ba.

Rikicin ya fashe ne a 1980, lokacin da gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka riƙa zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP ba da yardar uwar jam'iyya ba. Su da jagoran ƙwadago Michael Imoudu suka zama Santsi, masu bin Malam Aminu Kano kuwa aka kira su Taɓo. Abin ya raba gidaje a Kano, wa da ƙane su daina gaisawa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar zaɓe. Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, da ɓangaren Malam ta amince, shi ya sa a 1983 Rimi ya tsaya takara a jam'iyyar NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Yau ma idan ka ji sunan sabuwar jam'iyya, duba jerin INEC kafin ka karɓi katinta.