Amsar Tambayar Kawu: Abin da Ya Tara Baƙar Fata a Balbriggan

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ka da duk mutanen gida, da fatan damina ta yi albarka.

Ranar da na turo maka hoton taron sunan 'yar autarmu, cewa ka yi da ba don kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi ba, da ka rantse a Sabon Garin Kano aka ɗauke shi. Sannan ka tambaye ni, duk faɗin ƙasar Ailan, me ya tattara baƙar fata a ɗan garin da ko a taswira sai an sa tabarau ake ganinsa. A waya magana ta yi ta yankewa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka.

Kai da ka yi fataucin goro, ka fi ni sanin yadda zango yake kafuwa. Hausawan Sabo a Ibadan ko na zangon Kumasi ba kyan wuri ya kai su ba. Hanya ce ta bi ta nan, aka sami wurin sauka mai sauƙi, na farko ya sauka ya zama mai masauki, na baya suka riƙa sauka a hannunsa. To Balbriggan zango ne, Kawu, sai dai ba mu muka kafa shi ba.

Garin yana bakin teku, kilomita talatin da 'yan kai arewa da Dublin, babban birnin ƙasar, a kan layin dogo da babban titin da suka nufi Belfast. A da, sana'arsa kamun kifi da saƙar safa; safar Balbriggan ta yi sunan da har Sarauniya Biktoriya ta sa ta. A ƙidayar 2002 mutanensa dubu goma ne da ɗoriya. A 2006 sun haura 15,000, a 2022 kuma 24,322. A ƙidayar 2016 an samu kashi 11 cikin ɗari na mazauna garin baƙar fata ne, alhali a ƙasar baki ɗaya ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Abin da ya fara kawo mutanenmu ƙasar ma, doka ce. Kafin 2005, duk jaririn da aka haifa a tsibirin nan ɗan ƙasa ne, kuma tun shari'ar wani iyali mai suna Fajujonu, mijin ɗan Najeriya, matar 'yar Maroko, aka saba barin iyayen irin wannan yaro su zauna. Lokacin kuma arzikin Ailan yana tashe, ana neman ma'aikata ko'ina. Mutane suka yi ta zuwa daga Legas, Binin, Kinshasa da Luwanda. A 2003 kotun ƙoli ta ce haihuwa kaɗai ba ta hana a kori iyaye, a Yunin 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 79 cikin ɗari suka yarda a rufe ƙofar. Amma waɗanda suka riga suka haihu, a 2005 gwamnati ta ba wajen mutum 17,000 takardar zama, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa a ciki.

Sai batun wurin kwana, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan labarin. Tun 2000, mai neman mafaka ba ya zaɓar garin da zai zauna, gwamnati ce take ajiye shi, ta ciyar da shi, ta ba shi Yuro 19.10 a mako a wancan lokacin, kuma ba a yarda ya yi aiki ba. Sai 2018 aka sassauta hanin aikin. Ɗaya daga cikin manyan wuraren ajiyar shi ne Mosney, wani tsohon sansanin hutu da bai kai minti ashirin a mota daga nan ba. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar a can, 'ya'yansa sun saba da yankin, ranar da takardarsa ta fito ina zai dosa? Hayar cikin Dublin ta fi ƙarfinsa. Ga Balbriggan a bayan gida, an share gonaki an jera sababbin gidaje iri ɗaya kamar an buga su da hatimi, masu su sun saya da bashin banki suna neman ɗan haya ido rufe. Ga jirgin ƙasa da zai kai ka tsakiyar Dublin cikin minti arba'in da 'yan kai, ga filin jirgin sama kusa, inda ake samun aikin gadi da shara da ɗaukar kaya. Mata suka shiga aikin jinya da kula da tsofaffi, maza da yawa suka kama tasi.

Daga nan sai abin da ka sani. Wata ta buɗe kantin garin kwaki da manja da busasshen kifi, wata tana kitso a falonta, fasto ya kama hayar sito ya mayar da shi coci. Wanda ya sauka a Cork ko Galway ya ji labarin garin da ba a juyowa a kalle shi a kanti, sai ya tattaro. Da kaza ake jan kaza, in ji masu kiwo, ko da yake kai ne za ka gaya mini ko haka ne.

Mu Hausawa 'yan tsiraru ne a nan, kuma a makare muka zo, yawanci ta hanyar karatu ko aikin asibiti. Abin da yake ba ni dariya, ni da na girma ina jin ana kiran Yarbawa da Inyamurai baƙi a Kano, Bayarabe ne mai masaukina a garin nan. Shi ya tsaya mini wurin mai gida, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal. Su ma Turawan nan ba baƙin Najeriya ba ne. Makarantar St Louis ta Kano, matan zuhudu 'yan Ailan ne suka kafa ta, kuma sau da yawa tsoho zai tare ni a tashar jirgi ya ce ɗan'uwansa ya yi aikin mishan a Kaduna ko Jos.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Gidaje aka gina, aka manta da makarantu. A Satumbar 2007 yara da dama suka rasa gurbin firamare a garin nan, domin kusan tara cikin goma na firamaren ƙasar a hannun Cocin Katolika suke, kuma idan wuri ya yi kaɗan, yaron da aka yi wa baftisma ake fara ɗauka. Aka buɗe makarantar gaggawa, Bracken Educate Together, sai ga shi kusan duk yaran baƙar fata ne. Hoton ya zaga duniya, ya kunyata gwamnati. Dokar 2018 ce ta hana makarantun Katolika wannan fifiko. Har yau kuma, samari biyu su yi dambe a bakin tasha, kafin magariba an watsa a Facebook an ce baƙaƙe sun ƙwace gari. Araha ma ta ƙare. Wanda ya zo yau da ƙyar yake samun ɗaki, sai ya ƙara gaba zuwa Drogheda ko Dundalk.

Ka tambayi addini da zumunci. Muna sallah tare da Yarbawa, 'yan Sudan, Somaliya da Pakistan, kuma duk bazangon Gana da ya ji Hausa a bakina ya zama ɗan'uwa a take. In azumi ya faɗo tsakiyar bazara muna kai awa goma sha takwas, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna an yi magariba. Adashi yana nan daram. In an yi rasuwa, kafin gari ya waye an haɗa kuɗin jana'iza ta WhatsApp, yawanci a nan muke binnewa, sai dai wani lokaci dole a jira hukuma ta saki gawa, abin da har yanzu zuciyata ba ta saba da shi ba.

Inda nake jin nauyinka shi ne yaran. Turancinsu na 'yan Dublin ne tsantsa, a makaranta ana koya musu yaren Ailan na asali, babban har ƙwallon gargajiyarsu yake bugawa. In na yi masa Hausa yana ji sarai, amma amsa da Turanci. Na sa doka cewa a kan tabarmar cin abinci ba a Turanci, uwarsu ce ta fara karya ta.

Batun saƙon da ka ce za ka bayar a kawo: kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sun isa. Kilishi kam a bar shi, doka ta hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, a filin jirgi za a karɓe. A gaida Inna, a ce mata takwararta ta fara zama.