Saba ta dillalan filaye: makullin yana hannun wa?

Tambaya: Malam, ni dillalin filaye da gidaje ne a Birnin Kebbi, shekarata 14 a harkar. Mu bakwai muka haɗa kai, daga Gesse, Badariya da Bayan Kara, muna son wuri guda a intanet da kowa zai riƙa sa filayen da ke hannunsa, mu daina cin karo da juna. Ɗan ƙanena da ya gama foli ya ce zai kafa mana saba, wato kwamfutar da shafin namu na intanet zai zauna a kanta, a shagona. Na ba shi naira 400,000, har ya yi rajistar sunan shafin da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Yanzu yana neman ƙarin miliyan ɗaya da rabi na kwamfuta da batura, ya ce nan da shekara biyu dillalan Arewa kaf za su riƙa biyan mu. In ƙara masa?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Cikin wasiƙarka layi ɗaya ne ya hana ni sakat: "da imel ɗinsa da lambar wayarsa." Kai da ba ka bari mai saye ya ƙirga kuɗi sai ya ga takarda, yau ka zuba tubali a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan wani.

Kamfanin da ya yi rajistar shafin bai san ka ba, bai san kuɗin wa aka biya ba. Wanda imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai kaya. Lambar tabbatarwa wayarsa za ta shiga. Shi zai iya canza kalmar sirri, shi zai iya rufewa.

Ban ce yaron macuci ba ne, kuma ba sai ya yi cuta za ka yi asara ba. Na taɓa zama da wani dillali a Jega da ɗan 'yarsa ya kafa masa irin wannan. Yaro mai ladabi, ya tafi bautar ƙasa Kudu, aka sace wayarsa a tasha. Sunan shafi haya ne, duk shekara ake sabuntawa. Saƙon tuni ya yi ta zuwa imel ɗin da babu mai buɗewa, wa'adi ya cika, shafi ya mutu. Bawan Allah ya buɗe min wayarsa yana danna adireshin, farin allo kawai. Hotunan fuloti sama da ɗari biyu da lambobin masu su, duk suna ciki, ba kwafi ko ɗaya a waje. Kuma wa zai kai ƙara? Ɗan 'yarsa? Haka ya haɗiye, don kada zumunci ya ɓaci.

Saboda haka, kafin maganar batir, ka buɗe imel da sunan kasuwancin, da layin waya wanda ke aljihunka. In kun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a sa wannan sunan. A mayar da shafin da sabar duka kansa, kana zaune kana kallo. Yaron a ba shi nasa mashigin na ma'aikaci, wanda za ka iya karɓewa. A rubuta ladansa a takarda, da shaidu, mahaifinsa na wurin.

Batun ajiye saba a shago kuwa, ka manta da shi. Ka san zafin Afrilu a garin nan, ya kan haura digiri 40, ka san ƙurar hunturu, ka san yadda wuta take. Na'urar da ake so ta kwana tana aiki ba ta zama kusa da buhun siminti. Mutum bakwai ƙaramar sabar haya ta ishe su, wajen dala biyar zuwa goma a wata, kuma akwai kamfanonin cikin gida da ake biya da naira. Miliyan ɗaya da rabi ta me?

Wurin da nake so yaron ya zuba basirarsa shi ne rabon ƙofofi. Mai saye ya ga hoto, unguwa, girman fili, hamsin da ɗari ne ko ɗari da ɗari, da farashi. Iyakarsa ke nan. Lambar mai fili ku bakwai kaɗai. Hoton takardar mallaka kada ya fita fili sam, da irinsa 'yan damfara ke buga ta jabu su sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta hau kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Kowane dillali da tasa kalmar sirri, ban da karo-karo, domin ranar rigimar la'ada na'urar ta nuna wanda ya fara shigar da filin da ranar da ya sa.

Zancen dillalan Arewa kaf su biya ku, a bar shi sai ku bakwai kun yi wata shida kuna cire filin da aka sayar a ranar da aka sayar. Na ga masu wannan mafarkin da yawa, har yau gidan da aka tare a ciki bara yana shafinsu a kasuwa.

Ranar Asabar ka kira shi. Ka ce ya kwafe komai a filashi ya ba ka, sannan ya buɗe kwafin a wata kwamfuta daban a gabanka, ka ga filayenka da idonka. Ya riƙa yin haka duk mako. In ya yi, ya kuma miƙa rajistar ba tare da ɓata fuska ba, ka ƙara masa albashi. In ya fara "Baffa, ai ba ka yarda da ni ba," ka rubuto min.