Mayar da tsohon gidan ƙasa shaguna

Malam, ka ce kana so ka mayar da gidan kakanku na ƙasa a cikin birnin Kano shaguna ba tare da rushewa ba. Zai yiwu sosai, amma fara duba lafiyar azara tukuna, sai gindin bango da indararo don ruwa ne ke kashe ginin tubali. Don Allah kar ka yi masa filasta da siminti, danshi yake riƙewa har bangon ya ruɓe, nemo maginan gargajiya su yi yaɓe da makuba. Fasa bango don faɗaɗa ƙofa ko ɗora kankare a sama kuwa, sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya gani, ka kuma nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Wayoyin wuta ma a sabunta su.